Fasinjoji Na Raguwa, Kuɗin Aiki Na Hawa: Me Ke Faruwa da Motocin Bas na Birane?

Duk lokacin da wata hukumar sufurin birni ta fitar da rahotonta na shekara, abubuwa uku ne ke fitowa a kanun labarai, kuma kamar ba su jitu da juna ba. Fasinjojin bas sun ragu. Kuɗin da ake kashewa wajen tafiyar da motocin ya ƙaru. Sannan hukumar na neman ɗaya cikin uku: a ƙara mata tallafi, ko ta ƙara kuɗin mota, ko ta soke wasu layuka. Mai karatu yana da gaskiya in ya tambaya: tunda masu hawa sun ragu, ba sai kashe kuɗin ma ya ragu ba?

Tambayar ta ƙara zafi bayan annobar korona. Gwamnatin tarayyar Amurka ta zuba wa hukumomin sufuri kusan dala biliyan 69.5 a 2020 da 2021 don kada su durƙushe, kuɗin kuwa sun zo ƙarshe, manyan birane da dama na fama da giɓi a kasafinsu. A Ingila, a wajen Landan, gwamnati ta ƙayyade kuɗin hawa bas a fam 2 daga Janairun 2023, ta mayar da shi fam 3 a Janairun 2025. Sai dai matsalar ta girmi korona da shekaru masu yawa.

## Ma'aunai uku da ake yawan cakuɗawa

Na farko shi ne yawan fasinja. Yawancin hukumomi ba mutane suke ƙirgawa ba, hawa suke ƙirgawa. Wanda ya hau bas ya sauka ya canza wata kafin ya isa wurin aiki, an ƙirga shi sau biyu, in ya dawo da yamma ya zama huɗu. Saboda haka sauya fasalin layuka kaɗai na iya ɗaga alƙaluman ko ya sauke su ba tare da mutum ɗaya ya ƙaru ko ya ragu ba. Haka kuma birnin da jama'arsa suka ƙaru da kashi 20 cikin 100 amma hawan bas ya tsaya inda yake, a zahiri baya ya ci.

Na biyu shi ne yawan hidima, wato awanni da kilomitocin da motoci suka yi a kan hanya suna ɗaukar mutane. A wurin hukuma wannan lissafi ne na takarda. A wurin wanda ke tsaye a tasha kuwa, ma'anarsa ita ce minti nawa ke tsakanin wannan bas da mai bi mata, da kuma ko akwai mota da asuba, da dare, da ranakun hutu.

Na uku shi ne kuɗin gudanarwa: albashin direbobi da makanikai, mai ko lantarki, tayoyi, kayan gyara, inshora, fansho. Wannan daban yake da kuɗin jari, wanda ake sayen sababbin motoci da gina gareji da shi. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin gwamnatoci sun fi sakin hannu a ɓangaren jari. A Amurka, tun 1998 doka ta taƙaita amfani da kason da tarayya ke bayarwa wajen biyan kuɗin gudanarwa a manyan biranen da jama'arsu suka haura 200,000. Sai ka ga birni ya samu kuɗin sayen sabuwar bas amma ba shi da na biyan wanda zai tuƙa ta.

A nan amsar tambayar farko take. Kuɗin gudanarwa awa yake bi, ba fasinja ba. Bas mai ɗauke da mutum 60 da mai ɗauke da mutum 6, direba ɗaya ne, albashi ɗaya ne, man ma kusan ɗaya ne. In fasinja sun ragu, kuɗin shiga ne ke raguwa, na fita yana nan daram har sai an janye motar daga hanya.

## Daga ina aka faro

A 1946 Amurkawa sun yi hawa sama da biliyan 23 a bas da jiragen ƙasa na cikin gari. Zuwa 1972 adadin ya faɗo kusan biliyan 6.5. A tsakanin nan motar gida ta yi araha, dokar 1956 ta buɗe ƙofar gina manyan titunan da suka ratsa ƙasar, iyalai suka koma sababbin unguwannin bayan gari inda gidaje ke warwatse. Kamfanonin bas, waɗanda a lokacin na 'yan kasuwa ne, suka riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya. Dokar sufurin birane ta 1964 ce ta ba garuruwa kuɗin da suka karɓe su. Tun daga nan bas a Amurka ta tashi daga sana'ar neman riba ta koma hidimar da haraji ke ɗauka. Kafin korona, kuɗin da fasinjoji ke biya bai fi kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gudanar da sufurin jama'a gaba ɗaya ba, na bas ma bai kai haka ba.

Birtaniya ta bi irin wannan hanya, sai dai a hankali. A tsakiyar shekarun 1950 hawan bas ya kai wajen biliyan 13 a shekara. Kafin korona bai kai biliyan 5 ba.

An ɗan farfaɗo a Amurka, har aka kai wajen biliyan 10.7 a 2014, sannan aka sake gangarowa. Daga 2012 zuwa 2018 hawan bas ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100, kuma abin mamakin shi ne tattalin arziki na bunƙasa a lokacin. Masu bincike sun lissafo dalilai da dama da suka haɗu: fetur ya yi araha daga ƙarshen 2014, kamfanonin tasin da ake kira ta manhajar waya, Uber da Lyft, sun shigo gari, kuɗin mota ya ƙaru a wurare da yawa, wasu sun fara aiki daga gida. Wani binciken Jami'ar California da ke Los Angeles, na 2018, ya ɗora mafi yawan laifin a kan mallakar mota. Daga 2000 zuwa 2015 yankin kudancin California ya samu ƙarin mutum miliyan 2.3 da ƙarin motocin gida miliyan 2.1, kusan mota ɗaya ga kowane sabon mutum, kuma ƙarin ya fi yawa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi da baƙin haure, waɗanda da su ne ƙashin bayan bas. Mutum ɗaya mai hawa kullum in ya sayi mota, ya tafi da ɗaruruwan hawa a shekara.

Ba kowace raguwa ce asara ba. A Beijing da wasu manyan biranen Sin hawan bas ya ragu sosai a shekarun 2010 saboda jirgin ƙarƙashin ƙasa ya faɗaɗa ya kwashe mutanen. Fasinjan yana nan, abin hawa ya canza.

A Afrilun 2020 hawan sufurin jama'a a Amurka ya faɗo zuwa kusan kashi 20 cikin 100 na yadda aka saba. Bas ba ta faɗi kamar jirgin ƙasa ba, kuma ta riga shi tashi, domin masu hawanta su ne ma'aikatan asibiti, da masu jiran kanti, da masu shara, waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa ta kwamfuta. Abin da ya sauya shi ne lokacin tafiyar. Rububin safe da na yamma ya ragu, tsakar rana da ƙarshen mako suka fi saurin dawowa.

## Abin da ke sa awa ɗaya ta yi tsada

Fiye da rabin kuɗin gudanar da bas a ƙasashe masu arziki na ma'aikata ne, sau da yawa yana kusantar kashi biyu cikin uku. Masanin tattalin arzikin nan William Baumol ya bayyana ciwon irin waɗannan ayyuka tun a shekarun 1960. A masana'anta, inji na sa ma'aikaci ɗaya ya ninka abin da yake samarwa, albashinsa ya hau. Direban bas kuwa mota ɗaya yake tuƙawa yau, kamar yadda kakansa ya yi. Amma dole albashinsa ya bi na sauran ma'aikata, in ba haka ba ya ajiye makulli ya koma tuƙin tirela ko kai saƙon kaya. Babban tsimin da aka taɓa samu shi ne cire kwandasta a bar direba shi kaɗai, kuma wannan an gama cin moriyarsa tun shekaru da dama. Don haka kuɗin awa ɗaya ta bas yakan fi hauhawar farashi gudu ko da babu wanda ya yi almubazzaranci. Bayan korona ma sai ga ƙarancin direbobi, har wasu hukumomi suka soke sawu alhali kuɗin na cikin kasafi.

Sai cunkoso, wanda ba ya fitowa a kanun labarai kamar albashi amma ɓarnarsa ba ta gaza ba. A ɗauki layin da zuwa da dawowa ke cin minti 60. In ana son bas ta riƙa zuwa kowane minti 10, mota shida ake buƙata. Titi ya cushe, zagayen ya koma minti 80. Yanzu hukuma na da zaɓi biyu: ta saka mota takwas da direbobinsu, kuɗi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku ba tare da fasinja ya ga wani ƙari ba, ko ta bar shidan, jira ya koma sama da minti 13. Ko wanne ta ɗauka, tafiyar ta fi da daɗewa. In kuma aka juya lissafin, aka keɓe wa bas hannunta a titi har zagayen ya sauko minti 50, mota biyar sun isa, ta shidan ta zama rara. Wannan ne ya sa masu tsara sufuri ke bin kowane daƙiƙa: lokacin da direba ke ɓatawa wajen ba da canji, tashoshin da suka yi kusa da juna, fitilar hanya da ke tsayar da mutum 70 don motoci biyar su wuce. Landan ta daina karɓar tsabar kuɗi a cikin bas tun Yulin 2014. Curitiba ta Brazil, wadda ta fara keɓe wa bas hanya a 1974, da Bogota ta Kolombiya da ta buɗe irin wannan tsari mai suna TransMilenio a Disambar 2000, a tasha ake biya kafin mota ta iso.

Akwai wasu nauye-nauyen. Motocin da ake saya don rububin awa biyu na safe da biyu na yamma, sauran yini a gareji suke kwance. A Amurka dokar naƙasassu ta 1990 ta wajabta wa hukumomi ɗaukar wanda ba zai iya hawa bas ba daga ƙofar gidansa, kuma sawu ɗaya na wannan hidima ya ninka na bas tsada sau da yawa. Bas mai lantarki, wadda birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mayar da motocinsa sama da 16,000 zuwa gare ta a ƙarshen 2017, tana rage kuɗin mai da hayaƙi, amma ta fi tsada wurin saye, kuma ita ma direba take buƙata.

## Yadda ragi ke haifar da wani ragin

Hukumar da ke da giɓi, gaba kura ce baya sayaki. Wani babban nazari da cibiyar binciken sufuri ta TRL a Birtaniya ta fitar a 2004 ya nuna cewa in aka ƙara kuɗin bas da kashi 10 cikin 100, fasinja kan ragu da kusan kashi 4 nan kusa, amma a tsawon shekaru ragin na iya kai wa kashi 10. A shekarar farko ke nan kuɗin shiga zai ƙaru da kashi 5 zuwa 6, akawu ya ga an ci riba. Daga baya, yayin da wannan ya sayi mota, wancan ya canza gida ko wurin aiki, ribar ta narke. Rage hidima ma haka: a rage kashi 10, a rasa kusan kashi 4 na fasinja nan take, kusan kashi 7 daga baya.

Dalilin a bayyane yake a tasha. In bas na zuwa kowane minti 10, ba wanda ke duba jadawali, matsakaicin jira minti 5 ne. In ta koma kowane minti 30, wanda ya fito ba lissafi zai jira minti 15, wanda ta kuɓuce masa da ɗan kaɗan ya yi asarar rabin awa, wanda kuma zai canza mota a hanya yana iya yin wannan asarar sau biyu. Masanin tattalin arziki Herbert Mohring ya nuna a 1972 cewa abin na aiki ta ɗaya ɓangaren ma: ƙarin fasinja na jawo ƙarin motoci, ƙarin motoci na rage wa kowa jira. Wannan na cikin manyan hujjojin masu goyon bayan tallafi.

Jinkirin da ke tsakanin yanke shawara da ganin sakamakonta shi ke rikita muhawara. Wanda ya rage hidima bana ba lallai ne shi zai ga kujerun da babu kowa ba.

## Landan da sauran Ingila

Da wuya a samu gwaji mai kama da wanda Birtaniya ta yi. Dokar sufuri ta 1985, wadda ta fara aiki a Oktoban 1986, ta sakar wa 'yan kasuwa mara a ko'ina ban da Landan: kowane kamfani ya zaɓi layinsa, da lokacinsa, da kuɗinsa. A Landan kuwa hukuma ce ta ci gaba da tsara layuka da kuɗin mota, kamfanoni na gasar neman kwangilar tuƙi.

Masu kare sakin kasuwa na nuna cewa kuɗin tafiyar da kowace kilomita ya faɗi sosai, kilomitocin da motoci ke yi sun ƙaru a shekarun farko, tallafin gwamnati ya ragu. Gaskiya ne. Masu suka na amsawa cewa wani kaso mai yawa na wannan tsimi daga albashin direbobi ya fito, kuɗin mota ya fi hauhawar farashi tashi, layuka sun riƙa canzawa ba sanarwar kirki, tikitin wannan kamfani ba ya aiki a motar wancan. A manyan biranen Ingila da ke wajen Landan, hawan bas ya ragu da kusan rabi daga 1986 zuwa jajibirin korona. Na Landan ya ninka, daga biliyan ɗaya da ɗoriya zuwa wajen biliyan 2.4 a 2014, wato kusan rabin na Ingila duka.

Sai dai ɗora wannan bambanci gaba ɗaya a kan tsarin mallaka zai zama son kai. Jama'ar Landan sun ƙaru, wurin ajiye mota na da wuya da tsada, an sa harajin shiga tsakiyar gari da mota a Fabrairun 2003, katin biyan kuɗin mota na Oyster ya zo a shekarar, kuma magajin gari Ken Livingstone ya zuba kuɗi masu yawa wajen ƙara motoci. Ita kanta Landan fasinjojinta sun fara raguwa bayan 2014, lokacin da cunkoso ya rage wa motocin gudu, alhali tsarin bai canza ba. Duk da haka akalar siyasa ta juya. Dokar 2017 ta ba manyan yankuna damar karɓe tsarin layukansu, Manchester ta fara a Satumbar 2023 ta kammala a Janairun 2025. Seoul ta Koriya ta Kudu ta yi makamancin haka a 2004, Singafo a 2016. Abin da ke biyo baya shi ne haɗarin asara na komawa wuyan hukuma: in fasinja ba su zo ba, mai biyan haraji ne zai cike. Santiago ta Chile kuma ta nuna a Fabrairun 2007 abin da ke faruwa in aka sauya komai rana ɗaya da motocin da ba su isa ba, inda mutane suka yi ta cincirindo a tashoshi, gwamnati ta koma ba da tallafin da ba ta yi niyya ba.

## A sauƙaƙa kuɗi, ko a ƙara motoci?

Wannan ce muhawarar da ta fi tashe yanzu. Masu son hawa kyauta na cewa kuɗin mota haraji ne a kan talaka, karɓarsa ma na cin kuɗi da lokaci. Siyasarsa kuwa ba wasa ba ce: ƙarin santabo 20 (kwabon Brazil) a kuɗin bas na Sao Paulo ne ya kunna zanga-zangar da ta game Brazil a Yunin 2013. Tallinn, babban birnin Estoniya, ta mayar da hawa kyauta ga mazaunanta a Janairun 2013, Luxembourg ta yi wa ƙasar duka a 2020. Binciken da aka yi a Tallinn ya samu ƙarin hawa na kusan kashi 14 cikin 100, amma da yawa daga masu tafiya a ƙafa ne, ba daga masu mota ba.

Ɗaya ɓangaren na cewa mai mota ba kuɗin bas ne ya hana shi hawa ba, jira ne da rashin tabbas, don haka kuɗin da za a yi asara a kyauta gara a sayi awannin hidima da su. Misalinsu Seattle, inda masu zaɓe suka amince a Nuwambar 2014 da ƙarin haraji don ƙara motoci, fasinja suka ƙaru a shekarun da na sauran biranen Amurka ke raguwa. Houston ta Amurka kuma a Agustan 2015 ta sake zana layukanta ba tare da wani babban ƙarin kasafi ba, ta tattara motoci a manyan hanyoyi suna zuwa a kai a kai kwana bakwai na mako. Amsar ta danganta da yawan abin da fasinja ke biya tun farko. Ƙaramin garin da kuɗin mota ke rufe kashi 10 na kasafinsa zai iya yafe shi cikin sauƙi. Babban birnin da ya dogara da shi sosai, yafewar na nufin janye motoci, sai dai in an samo wata hanyar kuɗi, kamar harajin da Faransa ke karɓa daga masu ɗaukar ma'aikata tun 1971 musamman don sufuri.

Gyara irin na Houston ma da farashinsa. Mai tsara sufuri Jarrett Walker, wanda ya yi aiki a kansa, yakan ce wa hukumomi buri biyu suke bi masu karo da juna: cika motoci, da kai mota kowace unguwa. Awa ɗayar da aka ba babban titi, an hana ta wata unguwar bayan gari. Layin da ke ɗaukar mutum takwas a awa ba lallai ne ya gaza ba, in dama don waɗannan takwas ɗin aka yi shi.

## Wa abin ke shafa

In za a yi ragi, sawun da ba shi da mutane ake fara dubawa: na asuba, na bayan ƙarfe tara na dare, na ƙarshen mako, da layukan gefen gari. A takarda su ne mafi ƙarancin asara. A ƙasa kuwa su ne motocin mai gadi, da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da mai wanke-wanke a gidan abinci. Soke bas ta ƙarshe ba sawu ɗaya take kashewa ba, har da na zuwa, domin wanda ba shi da hanyar dawowa ba zai hau ta tafiya ba. Ko dai ya bar aikin, ko ya riƙa biyan tasi daga albashin da bai taka kara ya karya ba, ko ya ci bashi ya sayi tsohuwar mota, daga nan kuma ya fita daga lissafin hukuma gaba ɗaya.

Tsofaffi a Ingila na da katin hawa kyauta a duk faɗin ƙasar tun Afrilun 2008, amma katin ba ya amfani a ƙauyen da ƙaramar hukuma ta janye tallafin layinsa. Mata, waɗanda suka fi maza hawa bas a birane da yawa kuma suka fi yin tafiya mai tsaye-tsaye, makaranta sannan kasuwa sannan asibiti, su ne suka fi shan wahalar tsarin da ke cajin kowane hawa daban. Irin wannan ne ya sa Landan ta fito a Satumbar 2016 da tsarin canza bas cikin awa ɗaya ba ƙarin biya.

Masu motar kansu ma ba su tsira ba. Kowane fasinjan da ya bar bas ya kama sitiyari ƙari ne a layin da ke gabansu, kuma cunkoson da ya ƙara shi ne zai sa hukumar ta nemi waccan mota ta bakwai da ta takwas a kasafin baɗi, daga harajin da su ma suke biya.